Art Bell da nauyin riƙe makirufo da tsakar dare

Duk wanda ya taɓa kwana jinya a asibiti, ko ya yi gadi, ko ya raka direban tirela a doguwar tafiya, ya san cewa muryar da ke fitowa daga rediyo da ƙarfe biyun dare ba ɗaya take da ta ƙarfe biyun rana ba. Da rana rediyo hayaniya ce a cikin hayaniya, kana ji kana cinikinka. Da dare kuwa daga kai sai mai maganar. Babu na kusa da za ka taɓa ka ce masa, "Kai, ka ji wannan ƙaryar kuwa?" Abin da aka zuba maka a kunne, da shi za ka kwanta.

Wannan ne ya sa yau nake son mu yi zancen wani Ba'amurke mai suna Art Bell. Na san da yawa daga cikinmu ba su taɓa jin sunansa ba, amma a shekarun 1990 kusan shi ne sarkin dare a rediyon Amurka, kuma rayuwarsa tana da abin da za ta gaya wa matasanmu da ke kwana a laif ɗin TikTok.

An haife shi a 1945 a jihar North Carolina. Tun yana ɗan shekara 13 ya sami lasisin sarrafa rediyon 'yan sha'awa, irin wadda mutum ke haɗawa a ɗakinsa yana gaisawa da baƙi a nesa. Ya shiga rundunar sojin sama a zamanin yaƙin Biyetnam a matsayin ma'aikacin jinya, amma ko a bariki bai haƙura ba, sai da ya kafa 'yar tashar rediyo ta bayan fage yana sa wa 'yan uwansa sojoji kiɗa. Bayan ya ajiye kaki ya yi aiki a wata tasha a tsibirin Okinawa na Japan, inda ya taɓa shafe sama da awa 115 a jere yana kan iska. Kusan kwana biyar ke nan fa. Ka ga tun asali mutumin ba su shiri da barci.

Tauraronsa ya fara haskawa ne a tashar KDWN ta birnin Las Vegas, inda aka ba shi shirin dare, lokacin da manyan ma'aikata ba su so. A nan akwai wani sirri da iyayenmu masu kama tashoshin nesa suka daɗe da sani ko da ba su karanta kimiyya ba: idan rana ta faɗi, sautin matsakaicin zango yakan yi tsalle daga saman sararin samaniya ya dawo ƙasa a wuri mai nisan gaske. Tashar da da rana ba ta wuce garinta ba, da dare sai a ji ta a jihohi da dama. To haka muryar Bell ta riƙa ratsa yammacin Amurka. A 1988 aka raɗa wa shirin suna Coast to Coast AM, daga baya ya koma gabatar da shi daga gidansa a Pahrump, wani ƙaramin gari a hamadar Nevada. A lokacin da yake ganiyarsa tashoshi wajen 500 ne ke ɗaukar shirin, miliyoyin mutane na saurare. Mutum ɗaya, a ɗaki ɗaya, a tsakiyar hamada.

Da farko siyasa yake yi kamar kowa. Daga baya ya watsar da ita ya koma kan abubuwan da sauran 'yan jarida ke jin kunyar taɓawa: fatalwa, halittun wasu duniyoyi, asirin da ake zargin gwamnati na ɓoyewa, ƙarshen duniya. Abin da ya bambanta shi kuwa shi ne ba ya ajiye mai tace kira. A yawancin irin waɗannan shirye-shirye akwai wanda ke fara ɗaukar waya ya auna hankalin mai kira kafin a sa shi a iska. Bell da kansa yake danna layi, kowa ya faɗo shi ke nan. Yakan ma ware layi na musamman ya ce yau wannan na waɗanda suka zo daga wani zamani ne, kuma wallahi sai a kira.

Ni abin da ya fi burge ni a aikinsa shi ne haƙurin saurare. Ba ya yi wa mai kira dariya, ba ya katse shi don ya nuna ya fi shi ilimi. A 1997 wani mutum da ya kira kansa Mel Waters ya shigo shirin ya ce akwai wani rami a filinsa kusa da garin Ellensburg a jihar Washington, wai ya zura zaren kamun kifi mai tsawon mil da yawa bai taɓo ƙasansa ba. Har yau babu wanda ya ga ramin nan da idonsa. Amma Bell ya zauna yana yi masa tambayoyi a natse, kamar mai hira da minista, mutane kuma suka shekara suna zancen ramin. A shekarar dai wani ya kira yana kuka, yana cewa ya yi aiki a sansanin sojan nan na sirri, Area 51, kuma ana farautarsa. Yana cikin magana sai shirin ya ɗauke ɗif daga iska. Ka yi tunanin direban da ke shi kaɗai a kan titi ya ji wannan.

Kada mu raina abin da ya ba waɗannan mutane. Mai gadi, ma'aikaciyar jinya, tsohon da matarsa ta rasu barci ya ƙaurace masa, duk sun sami abokin hira wanda ba ya yi musu kallon mahaukata. Masu makirufo da yawa, a can da nan, ba su iya wannan ba. Ka saurari wasu shirye-shiryenmu na kiran waya ka ji yadda ake yanke talaka tun bai gama sallama ba.

Sai dai ga inda gizo ke saƙar. A watan Nuwamban 1996 wani mai sha'awar kallon taurari daga Houston, Chuck Shramek, ya ɗauki hoton tauraro mai wutsiya da ake kira Hale-Bopp, ya ga wani haske a gefensa, ya shigo shirin Bell ya ce akwai abin da ke bin tauraron a baya. Sai wani malamin jami'a, Courtney Brown, ya ƙara wa wutar fetur, ya ce masu gani har hanji da ke aiki da shi sun tabbatar jirgi ne na wasu halittu. Masana taurari, ciki har da Alan Hale, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka gano tauraron a 1995, suka yi bayani cewa hasken nan wani tauraro ne na yau da kullum. Wa ya saurare su? Labarin jirgi ya fi daɗi. Daga baya aka gano cewa hoton da Brown ya kawo a matsayin hujja na masanan Jami'ar Hawaii ne, wani ya yi masa ƙari. Bell ya fito ya bayyana hakan a shirinsa, ya kuma raba gari da Brown. Amma a lokacin zancen ya riga ya shafe makonni yana yawo.

A ƙarshen watan Maris na 1997 aka tsinci gawarwakin mutum 39 a wani gida kusa da San Diego a jihar Kalifoniya. 'Yan wata ƙungiya ce mai suna Heaven's Gate, ƙarƙashin Marshall Applewhite. Sun kashe kansu ne da imanin cewa zuwan tauraron alama ce ta lokacin tafiyarsu, jirgi zai kwashi rayukansu.

A yi adalci, ba Art Bell ne ya kashe su ba. Ƙungiyar ta fi shekara 20 tana kan wannan aƙida kafin a ga Hale-Bopp, kuma shi kansa ya musanta cewa yana da hannu. Amma ni ban yarda da kariyar da magoya bayansa ke ba shi ba, cewa ai shi layi kawai ya buɗe, mai saurare ne zai yi wa kansa hukunci. Wane hukunci mutum zai yi da ƙarfe ukun dare, shi kaɗai, zuciyarsa a raunane, ga muryar da ya fi yarda da ita a duniya tana cewa "to fa, abin mamaki"? Natsuwar nan da ta sa mutane suka so shi, ita ce ta sa ƙarya ta yi kama da gaskiya a bakin baƙinsa. Ramin Mel bai cuci kowa ba, an yi nishaɗi an watse. Matsalar ita ce mai makirufo bai san wane labari ne zai tsaya a nishaɗi ba, wane ne kuma zai faɗa kunnen wanda ke bakin rami.

Mu ma ai mun ɗanɗana irin wannan. A watan Agustan 2014, lokacin Ebola, cikin dare aka riƙa tashin mutane da kiran waya da saƙonni cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha kafin gari ya waye. Kafin hukumomin lafiya su farka su ƙaryata, an riga an yi. An rasa rayuka, wasu suka kwanta a asibiti. Da a ce da azahar saƙon ya zo, da wataƙila wani ya tambayi maƙwabcinsa mai aikin kemis.

Yanzu kuma makirufon ya sauka a hannun kowa. Ba sai kana da tasha mai ƙarfi ko lasisi ba, waya da data sun isa. Ka leƙa TikTok bayan sha biyun dare ka gani: wannan ya buɗe laif ana ba da labarin aljanu, wancan ya hau da mai maganin da wai yake warkar da ciwon suga da sikila a mako guda, ga wata can ana tone asirin auren wata baiwar Allah da ba ta nan balle ta kare kanta. Idan ka yi magana sai mai laif ɗin ya ce maka, "Ni fa ba ni na faɗa ba, baƙo na hau da shi." Wannan ita ce amsar masu kare Bell, an dai sa mata hula. To malam, kai ka hau da shi, mabiyanka ne suka ji shi, kuma kai ake tura wa kyautar. Idan wata uwa ta daina ba ɗanta maganin asibiti saboda abin da ta ji a ɗakinka, ba za ta tuna sunan baƙon ba, naka za ta tuna.

Ba cewa nake a rufe layi ko a koma wa'azi ba. Wanda ya kira ya ce ya ga fatalwa a bayan gidansu, a bar shi ya ba da labarinsa, dare na hira ne. Amma da zarar zance ya taɓa lafiyar mutane, ko mutuncin wani, ko abin da zai iya tada unguwa, kamar zargin shafi mulera da ya sha jawo a yi wa bayin Allah dukan kawo wuƙa, to dole mai makirufo ya yi tambayar da mai saurare ba shi da halin yi: a ina, yaushe, wa ya gani, ina hujja? Kuma a yi ta a daren, a gaban waɗanda suka ji zancen. Gyaran da Bell ya yi bayan makonni bai kai ga duk kunnen da ya ji labarin farko ba.

Shi ma kansa daren bai bar shi haka ba. Ya sha sanar da ajiye aiki yana dawowa, wani lokaci saboda matsalar iyali, wani lokaci saboda ciwon baya, har George Noory ya karɓi shirin a farkon 2003. Matarsa Ramona, wadda ke taya shi gudanar da harkar, ta rasu a 2006. Ya sake aure ya zauna a Manila na wani lokaci yana watsa shiri daga can. A 2008 aka sa sunansa cikin jerin gwarazan rediyon Amurka. Ya gwada sabon shiri a 2013, bai wuce makonni shida ba. Ya sake gwada wani ta intanet a 2015, kafin shekarar ta ƙare ya dakatar, yana cewa akwai mai yi wa iyalinsa barazana a kusa da gidansa. Ya rasu a gidan nan na Pahrump ranar 13 ga Afrilun 2018 yana da shekara 72, kuma binciken likitoci ya nuna magungunan da aka rubuta masa ne suka yi masa yawa bisa kuskure. Shirin Coast to Coast AM kuwa ya ci gaba bayansa, da zarar dare ya raba a buɗe layi.