An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Duk wanda ya taɓa bin layin banki a Kano ya san a kan wa ake sauke fushi: a kan ma'aikacin da ke bayan kanta. Shi ake zagi idan na'ura ta tsaya, shi ake tsine wa idan an zare kuɗi daga asusu ba bayani. Wannan zalunci ne, kuma mu masu ajiya muna da hannu a cikinsa.

A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000. A Abuja aka yanke shawarar. Amma da tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo a farkon 2023, har Kotun Ƙoli ta sa baki ranar 3 ga Maris, ba manyan Abuja ne suka tari jama'a ba. Mai kanta ne ya wuni yana ba da haƙuri a kan kuɗin da shi kansa bai gani ba.

Ko babu rikici, nauyinsa ya fi albashinsa. Dubi dattijon Madabo, unguwar da ta gaji karatu tun zuwan Wangarawa. Yana karantar da Risala, yana rubuta lissafinsa da ajami. Da ya fita ganuwa ya shiga banki, sai a miƙa masa takardar Turanci, a ce ya dangwala yatsa tamkar bai taɓa riƙe alƙalami ba. Mai kanta ne zai zama tafinta, ya cike takardar, ya rufa wa malam asiri, layi kuwa na ta gunaguni. Ga shi da yawansu 'yan kwantiragi ne, ana iya sallamarsu dare ɗaya.

Za a ce a cikinsu akwai marasa ladabi. Akwai, kuma a hukunta su. Sai dai murtukewar fuskar mutum ɗaya ba ita ta hana banki buga takardunsa da Hausa ba.

Saboda haka bankuna su tabbatar da ma'aikatan kanta a bakin aiki, su samar da takardu da Hausa, boko da ajami. Ranar da al'amura suka dagule, manaja ya baro ofishinsa ya yi wa mutane bayani da bakinsa. Mu kuma, mai ƙorafi ya nemi manaja, in bai gamsu ba ya rubuta wa Babban Banki. Yaron da ke ƙirga mana kuɗi ɗan aike ne.