A Riƙa Tambayar Maijego Halin da Zuciyarta ke Ciki

Duk macen da ta je awon ciki akan gwada jininta, a auna nauyinta, a saurari motsin ɗan da ke cikinta. Amma da wuya a sami mai tambayarta ko tana iya barci, ko kuka yakan zo mata ba dalili.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar takan gamu da larurar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa. Sai maijego ta ƙi abinci, ta ƙosa da jaririnta, dangi kuwa su ce iska ce. Wani lokaci har takan nemi halaka kanta.

Gano wannan ciwo kuwa ba shi da tsada. Tun 1987 masana a Edinbara suka fitar da tambayoyi 10 waɗanda ma'aikaciyar jinya za ta iya yi cikin 'yan mintoci. Ranar da aka kawo jariri rigakafin mako 6 ta isa a yi su.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Nijeriya a 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta buɗe ƙofa. Lalle ne Ma'aikatun Lafiya na jihohi su horar da ma'aikata, su kuma tanadi likita da magani ga duk wadda aka gano, domin tambayar da babu taimako a bayanta ɓata lokaci ce. Lafiyar jariri dai tana hannun uwarsa.