Mu Shirya Amsa Kafin A Tambayi 'Ya'yanmu



Duk wanda ya tashi a garin da masu bi ba su wuce gida biyar ko shida ba ya san tambayoyin nan. Ana yi wa matanmu a bakin rijiya, ana yi wa maza a kasuwa, 'ya'yanmu kuwa kullum suna shan su a makaranta. "Yaya Allah zai bar Almasihu ya mutu a kan gicciye?" "In Allah yana tare da ku, me ya sa kuke shan wahala haka?" "Kun ce ceto kyauta ne, ke nan kowa ya yi abin da ya ga dama?" Yawancin masu tambayar maƙwabtanmu ne, waɗansu ma danginmu na jini, kuma ba duka ne ke yi da mugun nufi ba. Abin da ke damunmu shi ne, sau da yawa yaronmu yakan sunkuyar da kai ya yi shiru, ko kuwa ya husata. In haka ta yi ta faruwa, tambayar sai ta koma tasa, ya shiga kokwanto iyaye ba su sani ba. Laifin namu ne, mu manya, gama Manzo Bitrus ya riga ya gargaɗe mu mu zauna da shirin bayyana dalilin begenmu cikin tawali'u da ladabi (1 Bitrus 3:15).

Mu fara da gicciye, domin shi ne tushen sauran amsoshin. Kada mu yi mamakin wanda maganar ta yi wa nauyi. Bitrus kansa, da ya ji Yesu yana faɗin mutuwarsa, sai da ya ja shi gefe yana tsauta masa (Markus 8:31-33). Amma tun ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Yesu, annabi Ishaya a sura 53 ya yi maganar Bawan Allah da zai ɗauki laifin waɗansu. Ba a fi ƙarfin Yesu ba, shi ya ba da ransa da yardar kansa (Yohanna 10:18), kuma Allah bai yashe shi a kabari ba, ya tashe shi a rana ta uku.

Wanda ya gane wannan ba zai ce wahala alama ce ta fushin Allah a kowane lokaci ba. A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya, domin kuskuren ya shigo har cikin majami'unmu. Akwai masu wa'azin da ke koyar da cewa ciwo da talauci duk rashin bangaskiya ne, har gwauruwa ta koma gida da nauyi biyu, na rashin miji da na zargin kanta. Littafi Mai Tsarki bai koyar da haka ba. Abokan Ayuba sun nace cewa zunubinsa ne ya jawo masa masifa, Allah kuwa su ya tsauta wa (Ayuba 42:7). Da almajirai suka tambaya a kan wanda aka haifa makaho, Yesu ya nuna ba laifinsa ba ne, ba kuma na iyayensa ba (Yohanna 9:1-3). Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ba shi alherin jimrewa (2 Korantiyawa 12:7-9).

Tarihinmu ma shaida ne. A shekara ta 1913 waɗansu daga cikin mutanen da ake kira Isawa suka sadu da Dokta Walter Miller na mishan ta CMS a Zariya, suka karɓi bishara, daga baya suka zauna tare a Gimi. Ba a daɗe ba ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, ya auka wa ƙauyen ya kashe mutane da yawa, har aka watse. Wa zai ce rashin bangaskiya ne ya kashe su? Waɗanda suka tsira da zuriyarsu suna cikin waɗanda ikkilisiyar Wusasa ta tsaya a kansu.

Game da alheri kuwa, gaskiya ne ba a sayen ceto da aiki, kyautar Allah ce ta wurin bangaskiya (Afisawa 2:8-9). Amma aya ta 10 ta ce an halicce mu domin kyawawan ayyuka. Aiki ba kuɗin ceto ba ne, 'ya'yansa ne. Wannan amsa ba baki kaɗai ke ba da ita ba. Mai bin da ke tauye mudu ko yake cin bashi ya ƙi biya ya riga ya rushe duk bayanin da fasto zai yi.

Saboda haka muna kira ga fastoci da dattawan ikkilisiya su keɓe lokaci, ko da sau ɗaya a wata, na tambaya da amsa, inda matashi zai yi tambaya ba tare da an ce ya yi saɓo ba. Malaman makarantar Lahadi da zumuntar mata su ɗauki waɗannan nassosi ɗaya bayan ɗaya. Iyaye su buɗe Littafi da yamma tare da yara, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke a harshen Hausa, ba mu da hujja. Mu kuma koya musu kada su zagi addinin kowa, kuma ba abin kunya ba ne yaro ya ce, "Baba, bari in tambayo in dawo maka da amsa." Maƙwabcin da muka amsa wa yau, gobe tare za mu tsaya a wurin biki ko makoki.

Ubangiji ya ba mu hikima da haƙuri, ya riƙe 'ya'yanmu cikin bangaskiya. Amin.