Kafin ka ɗora bidiyon gem ɗinka, ka tausaya wa datar mai kallo



Makon jiya wani ƙanina ya zo min rai a ɓace. Sun buga eFootball da abokinsa, ya ci wata ƙwallo daga wajen da'ira a minti na ƙarshe, kuma cikin sa'a yana naɗar allon tun daga farkon wasan. Minti ashirin cif ya naɗa, fayil ɗin ya kai gigabait 3. Ya fara ɗorawa haka nan gaba ɗaya, datarsa ta ƙare a kashi sittin da wani abu, ya sake saye, ta sake ƙarewa. Da na tambaye shi wane wuri yake so mutane su gani, sai ya ce ai ƙwallon ce. Ƙwallon nan da murnarta da maimaicinta duka ba su wuce daƙiƙa arba'in ba.

Ra'ayina a kan wannan harka shi ne, yawancin masu naɗar gem a cikinmu suna ɓata data da wurin ajiya wajen neman ingancin da babu mai ganinsa. Mutum zai shiga saiti ya ɗaga komai zuwa ƙarshe, 4K, firem 60, bitiret mafi girma, saboda yana jin cewa babbar lamba ita ce kyau. Alhali wanda zai kalli bidiyon yana riƙe da waya mai allon inci shida, wataƙila ma ya kunna yanayin tsimin data, kuma dandalin da ka ɗora a kai ya riga ya sake matse bidiyon yadda ya ga dama.

Bari mu fara da lissafin da ya kamata kowa ya haddace, don shi ne zai raba ka da kame-kame. Girman bidiyo ya dogara ne da abu biyu: tsawonsa da kuma bitiret, wato yawan bayanan da ake zuba wa kowace daƙiƙa, wanda za ka gani an rubuta da Mbps. Ka ninka bitiret da yawan daƙiƙoƙi, ka raba da 8, amsar ita ce megabait. Bidiyon ƙanin nan nawa an naɗe shi a kan 20 Mbps na daƙiƙa 1,200, ka ga 3,000 kenan, wato gigabait 3. Da ya yanko daƙiƙa 40 ɗin nan ya fitar a kan 5 Mbps, megabait 25 ne kacal. Ka lura cewa a cikin lissafin babu inda aka ambaci 1080p ko 4K. Girman hoto shi kaɗai ba ya ƙara nauyin fayil, sai dai babban hoto yana buƙatar bitiret mai yawa kafin ya fito tas. Idan ka ba 4K ƙaramin bitiret, 720p da aka ba isasshe sai ya fi shi kyan gani.

To me ya sa bidiyon gem ya fi sauran saurin lalacewa? Ɗanyen hoto guda na 1080p ya haura megabait 6. Idan ana ɗaukar guda 60 a kowace daƙiƙa, minti ɗaya zai haura gigabait 20. Babu wanda zai iya ajiye wannan, shi ya sa ake matsewa. Dabarar matsewar ita ce, manhaja tana ajiye cikakken hoto ɗaya, sannan a hotunan da ke biye sai ta rubuta abin da ya canza kawai. Malamin da ke zaune yana bayani a gaban bango, bakinsa da hannunsa ne kawai ke motsi, don haka matse shi ba wuya. Amma kai da kake gudu a cikin ciyawar PUBG kana juya kyamara hagu da dama, ga hayaƙi ga harbi, kusan kowane ɗigo na allon yana canzawa a lokaci guda. A nan ne za ka ga hoton ya farfashe ya koma 'yan murabba'ai kamar an shafa masa laka. Ba wayarka ce ta lalace ba, bitiret ne ya kasa ɗaukar motsin.

Wannan ne ya sa nake ganin firem 60 ba na kowane gem ba ne. Gem na harbi ko tseren mota, e, santsin motsi yana da daɗin kallo. Amma Ludo ko gem na gina gari ko na dabarun yaƙi da ake zaune ana tunani, firem 30 ya wadatar, kuma kowane hoto zai samu kaso mafi tsoka daga bitiret ɗin. YouTube da kansa abin da yake ba da shawara a ɗora masa shi ne 8 Mbps ga 1080p mai firem 30, 12 Mbps ga mai firem 60, sannan 5 da 7.5 ga 720p. Ka gwada waɗannan lambobi da 40 ko 50 da wasu ke sawa.

Ga masu kwamfuta, shawarata OBS Studio. Kyauta ce, ba ta manna tambari a kan bidiyonka, ba ta yanke ka bayan minti goma kamar yadda nau'in kyauta na Bandicam yake yi. Waɗanda suka daɗe a harkar za su tuna Fraps, wadda minti kaɗan take cinye maka gigabait masu yawa saboda kusan ɗanye take ajiyewa. An wuce wannan zamanin. A cikin OBS akwai abu biyu da nake roƙonka ka duba. Na farko, wa zai yi aikin matsewa yayin da kake wasa? Idan ka bar shi a kan x264, ƙwaƙwalwar kwamfutar ce za ta ɗauki nauyin, ita ce kuma ke tafiyar da gem ɗin, sai ka ga wasan yana sarƙewa. Idan katin hotonka na Nvidia ne ka zaɓi NVENC, na AMD ka zaɓi nasu, idan kuma Intel ne kawai a laftof ɗinka ka zaɓi Quick Sync. Waɗannan wani ɓangare ne na musamman da aka gina don wannan aikin, ba sa taɓa wasan sosai.

Na biyu ya fi shafar mu da ake ɗauke wa wuta ba sallama. Ka naɗa a tsarin MKV. Fayil ɗin MP4 na gargajiya sai an rufe shi lafiya kafin ya buɗu, don a ƙarshe ake rubuta jadawalin abin da ke ciki. Idan wuta ta ɗauke ko kwamfutar ta daskare, duk abin da ka naɗa ya tafi. Ni kaina na taɓa asarar kusan awa guda ta GTA a haka, fayil ɗin yana nan da nauyinsa amma babu manhajar da ta yarda ta buɗe shi. MKV kuwa zai tsira har zuwa inda aka tsaya. In ka gama, sai ka shiga File ka danna Remux Recordings, cikin daƙiƙoƙi zai koma MP4 ba tare da ingancin ya ragu ba, domin mazubi kawai aka canza.

Idan ba ka son shigar da komai, Windows 10 da 11 suna da nasu a ciki: danna Windows da Alt da R tare, naɗi ya fara. A waya ma haka ne, iPhone tana da mai naɗar allo tun iOS 11 a 2017, Android kuma tun Android 11 a 2020, wasu kamfanonin ma sun riga sun sa nasu kafin nan. Shi ya sa nake mamakin masu zuwa su sauke manhajar da aka fasa daga wani shafi da ba a san mai shi ba, wai don su cire tambari. Kana ba manhajar da ba ka san asalinta ba izinin ganin duk abin da ke allonka, a wayar da kake buɗe asusun bankinka. Wallahi bai kai ba.

Tunda mun zo nan, kafin ka danna naɗi ka kunna Do Not Disturb. Mai naɗar allo ba ya tantancewa, duk abin da ya faɗo yana ɗauka: saƙon gida, alat na banki da ragowar kuɗinka, lambar sirri ta shiga asusu. Na sha ganin bidiyon Free Fire da saƙon mutum ya leƙo daga sama, suna da lamba a fili, kuma an riga an tura shi guruf-guruf. Haka muryoyin abokan wasanka, ka tambaye su kafin ka watsa hirar da suka yi suna zaton ku kaɗai ne.

Yanzu batun matsewa. Ƙa'idar da nake bi ita ce a fara yankewa, sannan a matse sau ɗaya tak. Kowace matsewa tana zubar da wani abu da ba ya dawowa, kamar ka yi fotokwafi na fotokwafi. Abin da mutane ke yi shi ne su naɗa, su shigar CapCut su fitar, su sa a wata manhajar rage nauyi, su tura wa aboki ta WhatsApp, shi kuma ya ɗora a Facebook. Matsewa biyar kenan, sannan a zo ana cewa Facebook ya ɓata bidiyo. A kwamfuta akwai LosslessCut, kyauta, tana yanka ba tare da sake matsewa ba. Bayan nan sai HandBrake, ita ma kyauta: ka zaɓi Fast 1080p30 ko Fast 720p30, ka bar lambar RF tsakanin 20 da 24. Ka kula, lambar tana aiki ne a juye, idan ta ƙaru nauyi yana raguwa, inganci ma yana raguwa. Ka gwada da daƙiƙa talatin na wurin da ya fi hargitsi a wasan, in nan ya fito da kyau to sauran ma za su fito. A waya kuma, wurin fitarwa na manhajar da ka yi gyara da ita ya isa, ka saita girman hoto da firem da bitiret a nan, kar ka ƙara wata manhaja a kai.

Za a ce maka H.265 ko AV1 sun fi H.264 iya matsewa, kuma gaskiya ne, suna ba da inganci iri ɗaya a fayil mafi ƙanƙanta. Sai dai suna cin lokaci wajen fitarwa, kuma tsofaffin wayoyi da dama suna shan wahala da su ko su ƙi buɗewa. Idan kai tsaye za ka tura wa mutane, ka tsaya a H.264, babu na'urar da ba ta san shi ba.

Akwai masu ja da ni a kan wannan, kuma suna da hujja. Suna cewa tunda YouTube zai sake matsewa ko ta yaya, gara ka ba shi mafi kyawun abin da kake da shi, don abin da zai rage bayan ya gama ya fi kyau. Na yarda da su ɗari bisa ɗari idan kana da intanet marar iyaka kuma tasha kake ginawa da gaske, wadda wasu za su kalla a talabijin. Mai irin wannan hali ya ɗora a 1440p ma in ya so. Amma wanda ke sayen data ta kwana ɗaya ko ta mako, kuma masu kallonsa abokansa ne a status da TikTok, bambancin da zai samu bai kai kuɗin da zai kashe ba. Abin da ke riƙe mai kallo shi ne abin ya fara da wuri, sauti ya fita, a ga abin da ya faru. Mutane suna haƙuri da hoto mai ɗan dishi-dishi, amma ba sa haƙuri da sautin da ke fashewa ko minti uku na zaman jira a lobi. Ka kuma kashe waƙar da ke cikin gem ɗin kafin ka naɗa, musamman irin su EA Sports FC da GTA masu waƙoƙin mawaƙa na gaske, don na'urar gano haƙƙin mallaka tana iya toshe sautin ko ta karkatar da kuɗin tallan zuwa wani.

Sai abu na ƙarshe da ake yawan tambayata a inbos. Idan abokinka ne zai yi maka gyara, kar ka tura masa ta hanyar hoto da bidiyo ta WhatsApp, domin za ta matse shi, ko ka danna HD ma ba asalin ba ne zai isa. Ka tura a matsayin Document, yana ɗaukar har gigabait 2 kuma ba ya taɓa fayil ɗin. Telegram ma haka, ka zaɓi turawa a matsayin fayil. In kuma kuna unguwa ɗaya, ku haɗu ku tura ta Xender ko Quick Share ko kebul, ba sai an ƙona ko megabait ɗaya ba. Asalin naɗin kuma ka bar shi a memori ko filashi har sai ka kalli wanda ka ɗora daga farko zuwa ƙarshe a wayar wani, sannan ka goge.