ABIN DA YA SAMI WASAN ZAMIYA A ƘASAR JAPAN

Akwai wani lissafi na ƙasar Japan da na ga ya kamata in kawo wa masu karatun wannan jarida, musamman waɗanda aikinsu shi ne riƙon littattafan kuɗin jama'a, da kuma malaman makaranta. A cikin shekara ta 1993, mutanen Japan da suka fita wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara sun kai kimanin miliyan 18. Mutanen ƙasar duka a lokacin nan wajen miliyan 125 ne, watau ke nan cikin kowane mutum bakwai, har da jarirai da tsofaffi tukuf, ɗaya ya hau dutse ya zamo. Da aka kai shekara ta 2016 masu wasan ba su cika miliyan 6 ba, a cikin 2020 kuwa ba su kai miliyan 5 ba. Duwatsun suna nan inda suke, dusar ƙanƙara kuma ba ta daina sauka ba. To, ina mutanen suka tafi, wa kuma ya biya kuɗin abin da aka gina musu?

Bari in fara bayyana wasan ga wanda bai taɓa ganinsa ba. Mutum yakan sa waɗansu manyan takalma masu tauri, ya maƙala su a kan alluna biyu dogaye sirara, ya riƙe sanda a kowane hannu, sa'an nan ya sulalo daga kan dutse zuwa gindinsa. Ba da ƙafa ake hawa ba. Akwai kujeru rataye a jikin igiyar ƙarfe, inji yana ja, a nan ne mai wuri ke karɓar kuɗin tikiti. Saboda haka wasan yana ciyar da mutane iri iri: mai ƙera alluna, da mai ɗinka rigunan sanyi, da mai masauki, da kamfanin jirgin ƙasa, da manomin ƙauye wanda in damina ta wuce, sanyi ya rufe gonarsa, sai ya kama aikin tsaron kujeru.

Wani hafsan sojan Ostiriya, Manjo Theodor von Lerch, shi ne ya fara koya wa sojan Japan wannan wasa a garin Takada, cikin lardin Niigata, ran 12 ga Janairu 1911. Abin ya yi ta yaɗuwa sannu sannu har aka yi gasar Olamfik ta lokacin sanyi a Sapporo a cikin 1972. A shekarar nan ce kuma aka buɗe wani ɗan kantin sayar da kayan zamiya a Nagoya, mai suna Alpen, wanda za mu sake jin labarinsa a gaba.

Amma haukan abin bai taso ba sai a cikin 1987. Abu uku suka haɗu. Kuɗi ya yi yawa a hannun jama'a, don farashin filaye da hannun jari na ta hauhawa, bankuna na roƙon mutane su zo su ci bashi. Aka kuma fito da wani fim na soyayya wanda ya nuna samari da 'yan mata na Tokyo suna shewa a kan dutse, nan da nan ya zama saurayin da bai iya zamiya ba ba shi da ta cewa a gaban budurwa. Na ukun shi ne wanda ya fi shafarmu, watau gwamnati ta yi wata doka ta gina wuraren shaƙatawa, wadda ta sauƙaƙa haraji da sharuɗɗan sare daji ga duk wanda zai gina irin waɗannan wurare. Larduna 41 daga cikin 47 na ƙasar suka tsara shirye-shiryensu aka amince musu. Hukumomin ƙananan garuruwa da yawa suka haɗa jari da 'yan kasuwa suka kafa kamfanoni, waɗansu har suka tsaya wa kamfanonin nan lamuni a banki.

Kai, abin da aka gina a 'yan shekarun nan sai wanda ya gani. A cikin Disamba 1990 kamfanin jirgin ƙasa ya buɗe tashar Gala Yuzawa, inda mutum zai shiga jirgi mai gudun tsiya a Tokyo, kafin sa'a ɗaya da rabi ya sauka, bai ko fita daga ginin tasha ba sai ya hau abin da zai kai shi kan dutse. A cikin 1993 aka buɗe wani ƙaton gini a Funabashi, kusa da Tokyo, mai suna SSAWS, aka yi tudu a cikinsa mai tsawon kusan mita 500, inji na zuba masa dusar ƙanƙara rani da damina. An kashe masa wajen yen biliyan 40. Shekara tara kaɗai ya yi, aka rufe shi a cikin 2002, aka rushe, kantin kayan ɗaki na IKEA ya maye gurbinsa a cikin 2006.

To, a nan ne nake so akawu ya gyara zama, don akwai littafi biyu, kuma ba magana ɗaya suka faɗa ba. Na farko shi ne na ƙidayar kawuna. Wata cibiya ta Japan takan buga rahoto kowace shekara a kan yadda jama'a ke cin hutunsu, kuma a wurinta duk wanda ya je dutse ko da sau ɗaya a shekara mai wasa ne. Bisa wannan ƙidaya, har shekara ta 1998, sa'ad da aka yi Olamfik a Nagano, masu wasa suna nan wajen miliyan 18, domin wani sabon salo ya shigo na zamiya a kan allo guda mai faɗi, yara matasa suka rungume shi, suka cike gurbin waɗanda suka janye. Wanda ya dubi wannan littafi kaɗai sai ya ce lafiya lau.

Littafi na biyu shi ne na ciniki. Kuɗin kayan wasan da aka sayar ya kai ƙololuwarsa tun a cikin 1991, ya haura yen biliyan 400, daga nan ya kama gangara, har ya zo ya tsaya wajen kashi ɗaya cikin huɗu na wannan bayan shekara ashirin. Watau kasuwa ta yi shekara bakwai tana ba da labari kafin ƙidayar kawuna ta yarda. Dalili kuwa a fili yake. Mutumin da ke zuwa dutse sau goma a shekara, yana sake alluna da riga kowace shekara biyu don kada abokai su yi masa dariya, in aljihunsa ya yi sanyi ba ya bari gaba ɗaya. Sai ya koma zuwa sau ɗaya, da tsohuwar rigarsa, ya yi hayar alluna a can. Mai ƙidaya ya rubuta shi mutum ɗaya kamar bara, amma mai kanti ya san ya yi hasarar mai saye, mai masauki kuma ya san kwana tara sun tafi.

'Yan kasuwa sun karanta littafi na biyu, don shi ne nasu. Kamfanin Yamaha, wanda muka sani da kayan kiɗa, ya daɗe yana ƙera allunan zamiya masu kyau, amma a cikin 1997 ya wanke hannunsa. Alpen kuwa, ɗan kantin nan na Nagoya da ya ƙasaita a kan zamiya, ya karkata ga kayan golf da takalman gudu da sauran wasanni, yana nan da ransa. Ogasaka na Nagano, wanda ke ƙera alluna tun 1912, ya tsaya a kan sana'ar kakanninsa yana sayar wa waɗanda wasan ya shiga jininsu. Kowannensu ya sami hanyar fita daidai ƙarfinsa. Wanda ba shi da hanyar fita shi ne gari, domin gari ba ya iya naɗe dutsensa ya koma sayar da takalma.

Dubi Yubari, a tsibirin Hokkaido. Garin kwal ne, mutanensa sun haura 110,000 a cikin 1960. Da ramukan kwal suka yi ta rufewa, har na ƙarshe ya rufe a cikin 1990, sai shugabannin garin suka ce baƙi masu yawon buɗe ido za su maye gurbin kwal. Suka ci bashi suka gina wuraren wasa da gidajen tarihi. A cikin 2002, da kamfanin da ke riƙe da wurin zamiya na Dutsen Racey ya ga ba riba ya ce zai tafi, hukumar gari ta saye wurin da masaukinsa a kan yen biliyan 2 da miliyan 600, don kada ma'aikata su rasa abinci. Niyyar ba ta da laifi. Amma ɗan kasuwa ne ya duba littafinsa ya ce ba ta ɓullewa, hukuma ta ce ita za ta iya. Ba zamiya kaɗai ta karya Yubari ba, mutuwar kwal ce tushen ciwon. Abin da ya mai da ciwon ajali shi ne ɓoye shi, don an yi shekaru ana cin gajeren bashi daga banki ana juya shi tsakanin wannan asusu da wancan a daidai lokacin rufe littafi, yadda kowace shekara lissafi zai fito ba giɓi. Asiri ya tonu a cikin 2006. A cikin Maris 2007 garin ya shiga hannun gwamnatin tsakiya da bashin yen biliyan 35 da 'yan kai, alhali mutanensa ba su fi 13,000 ba. Aka rage ma'aikatan hukuma wajen rabi, aka yanke albashin waɗanda suka saura, aka ƙara haraji da kuɗin ruwa, asibitin gari ya koma ɗan ƙaramin wurin shan magani, makarantun firamare duka aka haɗe su suka zama ɗaya. Akawun da suka juya alƙaluman nan ba ɓarayi ba ne, umurni suka bi, amma albashinsu na cikin abin da aka fara yankewa.

A Yuzawa kuwa masu zaman kansu ne suka sha. An gina dogayen benaye masu ɗakuna wajen 15,000 a garin da mutanensa ba su kai 10,000 ba, mutanen Tokyo suka yi rububin saye. Daga baya an ga irin ɗakunan nan a kasuwa a kan yen 100,000, kuɗin da bai kai albashin wata na sabon ma'aikaci ba, don mai shi ya gaji da biyan kuɗin gyara da haraji a kan ɗakin da ba ya kwana ciki.

Wani zai ce da ni, ai hange daga baya ba wuya, wa zai san kasuwar filaye za ta rushe a farkon shekarun 1990? Na yarda ba wanda ya san ranar. Amma akwai littafi na uku da ke kan teburin kowane malamin makaranta, shi kuwa ba ya ƙarya, watau rajistar haihuwa. A cikin 1973 an haifi yara sama da miliyan 2 a Japan. Su ne suka cika shekara 20 a cikin 1993, daidai shekarar da duwatsu suka cika maƙil. A cikin 1989 waɗanda aka haifa ba su kai miliyan ɗaya da dubu ɗari uku ba. Ashe tun ran da ake aza harsashin ginin Funabashi, duk wanda ya leƙa aji ɗaya na firamare ya ga kujeru sun fara zama wofi ya san yawan samarin da za su hau dutse bayan shekara goma sha biyar. Wasan na matasa ne, bashin kuwa na shekara ashirin ko talatin. A cikin 2022 haihuwa ta faɗi ƙasa da 800,000.

A ganina, abin da ya fi kyau da aka yi don farfaɗo da wasan shi ne mafi arha. A cikin 2011 kamfanin Recruit ya shawo kan wuraren zamiya da yawa suka yarda duk mai shekara 19 ya hau kujera kyauta. Kujerar nan ko da mutum ko ba mutum inji na janta, saboda haka kyautar ba ta ci musu kome ba, yaron kuwa zai ci abinci, ya yi hayar alluna, in ya ji daɗi ya komo baɗi da kuɗinsa. Haka nan makarantun da ke kai ɗalibansu dutse su kwana biyu ko uku suna koyo. Abin da yaro ya koya da ƙafarsa a gaban malaminsa yakan zauna, ya kai ɗansa in ya girma. Abin da fim ya kawo kuwa, wani fim ya zo ya tafi da shi.

Yanzu kuma wani hadari ya taso, ana ta murna. Tun farkon shekarun 2000 mutanen Ostareliya suka gano laushin dusar ƙanƙarar Niseko, daga baya na Hongkong da Singafo da Sin suka biyo su, har Hakuba ta lardin Nagano ta samu rabonta. Farashin fili a Kutchan, garin da ke gindin Niseko, ya yi shekaru yana kan gaba wajen tashi a ƙasar duka. Ba na ƙin wannan arziki, amma ba zan ba wani gari shawara ya zubar da ruwan tulunsa dominsa ba. Baƙin nan 'yan wurare kaɗan suka sani, sauran ɗaruruwan ƙananan duwatsu ba su gan su ba. Zuwansu ya rataya ga arhar yen da buɗewar iyaka, an kuwa ga yadda Niseko ta yi tsit daga 2020 zuwa Oktoba 2022 sa'ad da annoba ta sa aka rufe ƙofa. Sanyin 2019 zuwa 2020 ma ya zo da ƙarancin dusar ƙanƙara irin wanda aka daɗe ba a gani ba, wurare da dama suka makara wajen buɗewa, waɗansu ba su buɗe ba sam.

Hukumar Kutchan dai ta ɗauki wata hanya dabam da ta Yubari. Ta bar 'yan kasuwa su gina masaukai da kuɗinsu, su ɗauki riba ko hasara, ita kuwa a cikin Nuwamba 2019 ta sa harajin kashi 2 cikin ɗari a kan kuɗin kwanan kowane baƙo, tana gyara hanya da sufuri da abin da ya shigo. In baƙi sun yi yawa baitulmali ya cika, in sun janye harajin ya ragu, amma ba za a wayi gari banki na bin garin kuɗin otal ba.