Mas'alar Abincin Turke: A Duba Amfani Kafin A Duba Buhu

 Ga wata mas'ala da ta taɓa aljihun mutane da yawa a Kakuri da kewayenta, watau tsadar abincin dabbobi. Mutum ya sayi rago wata uku kafin Layya, ya yi ta ɗura masa dusa safe da yamma, ran da ya kai shi Zango sai ya tarar kuɗin dusa ya cinye riba, ragon kuwa tumbi kaɗai ya yi, babu tsoka. Laifin ba na rago ba ne. Mai shi ne bai san ƙimar abin da yake ba shi ba.

Bari mu fara da asalin tsadar. A 1957, zamanin Sardauna, aka buɗe masaƙar KTL a nan Kakuri, daga baya wasu suka biyo, har da UNTL wadda aka kafa a 1964. Masaƙa tana neman auduga, manoman Funtuwa da Malumfashi da Gusau suna nomawa, injin gurza yana fid da angurya, mai kiwo yana samunta da sauƙi. Da KTL ta tsaya a 2002, UNTL kuma ta rufe a 2007, sai noman auduga ya daɗa ja da baya, angurya ta zama sai an nema.

Sa'an nan ga masara. A 2017 kamfanin Olam ya buɗe babban injin abincin kaji a ƙasar Chikun, kan hanyar Abuja. Manomi ya sami mai saye, wannan alheri ne, amma fa mutum da kaza da rago duk sun haɗu a kan buhu guda. A 2020 Babban Banki ya hana masu shigo da masara kuɗin waje. A 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya hau. A 2024 Gwamnati ta ɗage harajin shigo da masara na kwana 150. Farashi ke nan yana hawa yana sauka, alhali kuwa amfanin abin da ke cikin buhu yana nan yadda yake. Shi ya kamata mai kiwo ya sani.

Masu binciken dabbobi, irin na Shika kusa da Zariya, inda aka kafa gonar dabbobi tun 1928, suna duban abu biyu a cikin abinci. Na farko mai ba da ƙarfi, shi ke tafiyar da jiki, rararsa ta zama kitse. Na biyu mai gina jiki, wanda suke kira furotin, shi ke zama tsoka da nono da ƙwai. Misalinsu kamar mai gini ne da tubali: ko magini ya ƙoshi, in babu tubali bango ba ya tashi.

Ga awon furotin a cikin kashi 100 na busasshen abinci, bisa kusanci. Masara da dawa 9 zuwa 11, amma su ne kan gaba wajen ba da ƙarfi. Dusar masara wajen 10. Dusar alkama 15 zuwa 17. Harawar gyaɗa da ta wake 10 zuwa 15, gwargwadon yawan ganyenta. Angurya wajen 22, ga kuma mai. Angurya da aka matse manta da ɓawonta wajen 25. Ƙuli-ƙuli da waken soya da aka matse wajen 45. Karan dawa kuwa 3 zuwa 5 ne kawai, haka ciyawar rani da ta bushe a tsaye. Ɓuntun shinkafa bai wuce 3 ba.

Ku lura da wannan. A cikin tumbin sa da rago da akuya akwai waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke narka kara da ciyawa. In furotin ya gaza kashi 7 sai su raunana, dabba ta rage ci, ta rame ko da kara na jibge gabanta. Dalilin ke nan da shanu ke zubewa da bazara. Tafi guda na angurya yakan sa dabba ta ci karan da ta ƙi jiya.

To, ku attajirai ma'abota lissafi ne. Buhun dusar masara mai kilo 50 yana ɗauke da furotin kilo 5. Buhun matsattsiyar angurya mai wannan nauyi, kilo 12 da rabi. Na ƙuli-ƙuli, kilo 22 da rabi. Ashe matuƙar kuɗin buhun ƙuli bai kai ninki huɗu da rabi na kuɗin dusa ba, furotin ɗinsa ya fi araha. Wanda ya guje shi don tsada ya tara dusa tsantsa, ya sayi arahar da ba ta ado.

Rago yana cin kusan kashi 3 cikin 100 na nauyinsa kowace rana. Mai kilo 30 ke nan zai ci kusan kilo guda na busasshen abinci. A raba shi goma bisa nauyi: biyar harawa, uku dusa, biyu matsattsiyar angurya. Wannan haɗi yana ba da furotin wajen kashi 14, ya ishi ragon turke. A ƙara gishiri da 'yar kanwa, da ruwa mai tsabta, a kuma ba shi maganin tsutsar ciki tun farko, kada a yi ta ciyar da tsutsa.

Akwai haɗari huɗu. Na ɗaya, kada a cika wa dabba hatsi farat ɗaya, gama tumbinta yakan yi tsami ta kumbura, har ta mutu. A riƙa ƙarawa sannu cikin mako biyu. Na biyu, angurya tana da wani dafi da manyan shanu da tumaki ke jurewa, amma yana cutar kaji da 'yan maruƙa. Na uku, abinci mai fumfuna. A 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila, da aka bincika sai aka tarar dafin fumfuna ne cikin garin gyaɗa da aka kawo daga Barazil. Wannan dafi yana lalata hanta, yana kuma bi ta nono ya isa ga yara. Na huɗu, algus. Injinan casar shinkafa sun yawaita, ɓuntu ya wadata, marasa amana kan niƙa shi su cuɗa da dusa. Mai saye ya murza a tafinsa: dusar kirki tana da laushi da gari, ɓuntu kuwa kaushi gare shi. Ya kuma zuba kaɗan a ruwa, in akwai yashi zai kwanta a ƙasa.

Saboda haka muna roƙon shugabannin 'yan dusa su sa sikeli a rumfuna, a sayar bisa nauyi, a kuma faɗi abin da ke cikin buhu. Malamai kuwa sun fi mu sanin hukuncin algus da tauye mudu. Su riƙa tunatar da cewa wanda ya cuɗa ɓuntu ya cuci mai kuɗi, ya kuma cuci dabbar da ba ta da bakin kai ƙara. Mai kiwo shi ma ya tanadi harawa tun kaka, ya adana ta a inuwa kada ganye ya zube, gama a ganyen amfanin yake. Allah ya sa albarka a turakunmu. Haza wassalam.