A Yafe wa Mai Bene, a Kama Mai Akuya

Kowace Lahadi, tun kafin rana ta yi zafi, kasuwar Baleyara ta cika maƙil. Shanu, raƙuma, tumaki da awaki na kwararowa daga Kurfai da Tagazar da sauran sassan Dallol Boso, mahauta da dillalai kuma suna tasowa daga Yamai, tafiyar kilomita kusan 100. Dabbar da aka sayar a kara sai an yanke mata tikiti. Mai tabarmi na biyan kuɗin wurin zama, haka mai kanwa, haka tsohuwar da ta zo da ƙwaryar nono. Babu ɗayansu da ya taɓa rubuta takarda yana roƙon a ɗage masa haraji na shekara biyar don kasuwancinsa ya kafu. In ma ya rubuta, wa zai karanta?

Amma akwai wata waƙa da ba ta tsufa a bakin masu ofis, tun daga zamanin Taron Ƙasa na 1991 har yau: a yafe wa mai jari harajin fili da gine-gine, sai ya zo ya kafa masana'anta, samari su daina tafiya cin rani. Dokar zuba jari ta 2014 ta ba gwamnati ikon yafe wa kamfanin da ta amince da shi haraji iri-iri, har da na gine-gine da patanti. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne, waɗannan suna cikin harajin da ake mayar wa ƙananan hukumomi da kasonsu. Wato a Yamai ake sa hannu, a Tagazar da Filinge ake jin zafi. Kyauta da hatsin rumbun wani ba ta da wuya.

Masu kare wannan tsari suna da hujja guda, kuma ya kamata a saurare ta. Suna cewa kuɗin da ba a taɓa samu ba, ba a yi asararsa ba. In ba a yi rangwame ba, mai jari ba zai zo ba sam. To, me zai kawo mai jari Baleyara? Dabbobi ne, da fatu, da hanyar kwalta mai zuwa Yamai. Wanda ke son majema ko mayanka dole ya zo inda shanu suke, domin kasuwar Lahadi ba ta ɗaukuwa a mota a kai ta wani gari. Irin wannan mutum zai zo ko da rangwame ko babu, kuma abin da aka yafe masa riba ce ta faɗo masa daga sama. Wanda kuwa ya ƙi zuwa, ba harajin gini ya kore shi ba. Rashin tsaro a jahar Tillaberi ne, da rashin ruwan famfo wadatacce, da wutar lantarki irin wadda ƙasa ta ga iyakarta a 2023, lokacin da Najeriya ta yanke layinta. Ba a sanyaya nama da takardar yafe haraji.

Kuma babban gini ba ya zuwa shi kaɗai. Yana zuwa da manyan motoci masu farfasa hanya, da dattin da za a kwashe, da ruwan da zai sha. Wani ne zai biya wannan, kuma an san ko wane ne: mai akuya a bakin kara, mai gida da ake bi da lampo, da malamin makarantar da ake cire wa haraji daga albashi tun kafin ya ga launin kuɗin.

Ƙasar nan ba baƙuwa ba ce ga wannan ciniki. Kamfanin Areva ya shafe watanni, daga 2013 zuwa Mayu 2014, yana ja da gwamnati don kada dokar ma'adinai ta 2006 ta shafi rangwamen da ya saba ci a Arlit. Sa'ad da COMINAK ta rufe a Maris 2021, bayan shekara fiye da 40 tana haƙar yuraniyom, mutanen Akokan sun ga abin da ya rage musu. Kada kuma a ce ciwon talaka ne kawai. A Amurka, jihar Wiskonsin ta yi wa kamfanin Foxconn alkawarin sauƙi na dalar Amurka wajen biliyan 3 a 2017, bisa cewa zai ɗauki ma'aikata 13,000. A 2021 aka sake yarjejeniya, adadin ya koma 1,454. Su ma masu lauyoyi da na'urorin lissafi an yi musu haka, balle ƙaramar hukumar da ke jiran ranar kasuwa kafin ta biya ma'aikatanta.

Da akwai wurin da ya dace a yi wannan gardama. A 2004 aka zaɓi kansaloli a faɗin ƙasa, a 2011 Baleyara ta fita daga ƙarƙashin Filinge ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Majalisun nan sun yi kurakurai, wasu ma sun ci amana, amma ɗan kasuwa ya san gidan kansilansa, yana iya tare shi a bakin masallaci. A Afrilu 2024 aka rushe su duka, aka naɗa kantomomi, waɗanda ke ba da bayani ga wanda ya naɗa su.

Saboda haka abin da ƴan kasuwa da ma'aikata za su nema ba mai yawa ba ne. Duk wanda aka yafe wa haraji a ƙasar Tagazar ko Kurfai, a manna takardarsa a ƙofar ofishin ƙaramar hukuma: sunansa, nawa aka yafe, na shekara nawa, mutum nawa ya ce zai ɗauka aiki, nawa ya ɗauka. In bai cika alkawari ba, ya biya abin da aka ɗage masa har na baya. Gwamnatin da ta sa hannu kuma ta mayar wa ƙaramar hukuma kasonta daga baitulmali, cikin shekarar da aka yi yafewar.